Ba mu da karkanda, to me ya haɗa mu da dokar kare ta?

"Barista, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne a Kumo, jihar Gombe. Kwanan baya na ji a rediyo ana ta kira a tsaurara dokokin kare karkanda daga masu kashe ta saboda ƙahonta, har ana cewa Najeriya ma ta gyara tata dokar. Da na kai maganar aji sai wani ɗalibina ya ce: mu da ba mu da karkanda ko ɗaya, ina ruwanmu? Kuma in an ƙara shekarun ɗauri, shi ke nan ɓarayin za su daina? Gaskiya amsar da na ba shi ni kaina ba ta gamsar da ni ba."

Amin, Malam, na gode. Ka gaida min wannan ɗalibi, domin tambayarsa ta mai hankali ce. Abu biyu ya haɗa: ko maganar ta shafe mu, da kuma ko tsananin hukunci shi ne maganin. Na yi shekaru ina gabatar da ƙara a kotunan jiha a nan Bauchi, kuma cikin shari'o'in da suka ratsa hannuna akwai na mutanen da aka kama da bindiga da nama a cikin gandun daji. Daga nan zan yi maka magana. Amma bari na fara da gyara abu ɗaya a cikin tambayar.

Ba mu da ita yau, amma mun taɓa samunta

Ɗalibinka ya ce ba mu da karkanda, kuma ya yi gaskiya. Sai dai da muna da ita. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta yi rayuwa a dazuzzukan arewa maso gabashin ƙasar nan, ta Adamawa da yankin tafkin Chadi, har zuwa arewacin Kamaru da kudancin Chadi. Ka ɗauki kogin Gongola da ya ratsa jiharku. A Numan yake zuba cikin Binuwai. In ka bi Binuwai ka haura, ka wuce Yola, ka shiga Kamaru wajen Garwa, to a dazuzzukan wannan yanki ne 'yan ƙalilan ɗin da suka rage suka ƙare. A shekarar 2006 masu bincike sun karaɗe wuraren ba su ga ko ɗaya ba. A 2011 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin dabbobin da ke cikin haɗari, ta sanar cewa wannan iri ya ƙare a duniya. Ba a gandun daji, ba a gidan zu, babu.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, duk tsawon shekarun da ake ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya, doka ta haramta taɓa su. A takarda a kāre suke.

Me ya sa ake kashe ta? Ba don nama ba. Ƙahon ake nema, kuma ƙahon nan abin da aka yi farcenka da gashinka da shi, da shi aka yi shi. A shekarun 1970 da 1980 babbar kasuwarsa ita ce Yaman, inda ake sassaƙa ƙotar wuƙar ado da shi. Yau kasuwar ta fi ƙarfi a Biyetnam da Sin, inda wasu ke niƙa shi su sha da sunan magani, wasu kuma su saya don dai a san suna da hali. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 1970 baƙar karkanda ta kai kimanin 65,000 a Afirka. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ba ta kai 2,500 ba. Ga kuma abin da ya kamata ya tsaya wa duk wani lauya a rai: tun 1977 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta haramta cinikin ƙahon tsakanin ƙasashe. Wato ko bayan haramcin ɓarnar ba ta tsaya ba.

Dabbar kuma ba ta saurin mayar da abin da ta rasa. Cikinta wata 15 zuwa 16 ne, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta yi shekara biyu ko uku ko fiye kafin ta sake. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowace ƙasa yawan karkanda, an kashe mata 13 a 2007. A 2014 an kashe 1,215. Adadin ya sauko, 499 a 2023, 420 a 2024, amma har yanzu kusan kullum sai an kwana da gawar aƙalla ɗaya. Farar karkanda ta arewa kuwa, namijinta na ƙarshe ya mutu a Kenya a watan Maris na 2018. Mata biyu suka rage, uwa da 'yarta.

Inda hanyar ta biyo ta kanmu

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne ƙaho ba ya tashi sama daga inda aka sare shi zuwa Asiya. Sai ya bi ƙasa da ƙasa, hannu da hannu, kuma masu wannan sana'a suna zaɓen ƙasar da za su fitar da kaya kamar yadda ɗan kasuwa ke zaɓen hanyar da shingen bincike ya fi ƙaranci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarun baya-bayan nan tashoshin jiragen ruwa na Legas sun yi ƙaurin suna wajen fitar da hauren giwa da ɓawon ɗankunya, dabbar nan mai sulke da ke naɗe jikinta in ta ji motsi. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi a Abuja, duk wanda aka kama ne. Ka yi lissafi da kanka. Giwayen Yankari, waɗanda suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a ƙasar nan, 'yan ɗari ne da kaɗan in sun kai. Ba daga dajinmu wannan tulin haure ya fito ba. Shigo da shi aka yi don a fitar da shi ta ƙofarmu.

Kuma dillalin haure shi ne dillalin ƙaho. Misali sananne shi ne Moazu Kromah, ɗan Laberiya mazaunin Yuganda, wanda aka kama a 2019 aka kai shi Amurka. Ƙarar da aka shigar a kansa da abokan harkarsa ta ƙunshi ƙahon karkanda kimanin kilo 190 da hauren giwa wajen tan 10, an tattaro su daga ƙasashe daban-daban. A 2022 kotu a New York ta ɗaure shi wata 63. Irin waɗannan mutane ba su damu da wace dabba ba ce. Kwantena ɗaya, jami'in da aka saya ɗaya, asusun banki ɗaya. Saboda haka dokar da ta iya tare mai ƙaho ita ce za ta tare mai haure, kuma haure maganar giwayen Yankari ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dokokin da muke da su

A Arewa tushen dokokin jihohi shi ne dokar namun daji ta 1963, ta zamanin gwamnatin Jihar Arewa, wadda jihohi suka gada kowace ta yi mata kwaskwarimar da ta ga dama. A tarayya kuma akwai dokar soja mai lamba 11 ta 1985 kan cinikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Wannan doka ta sa tarar naira 1,000 ga wanda aka fara kamawa da dabbar da ke jerin farko na dokar, wato waɗanda aka fi ba kariya. A 1985 wannan kuɗi ne na gaske, don naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya a lokacin. Amma an bar adadin a haka har shekara talatin da ɗaya. Zuwa 2015 naira 1,000 ba ta wuce dala biyar ba. Mutum ya loda kayan miliyoyi, doka ta ce ya biya kuɗin abincin rana. Sai a 2016 aka ɗaga tarar zuwa naira miliyan 5, ita ma faɗuwar darajar naira ta riga ta cinye mata rabi da wani abu. A 2025 majalisar wakilai da ta dattawa suka amince da sabon ƙudurin doka wanda ya ƙara tsananin hukunci, ya kuma ba masu bincike damar bin sawun kuɗi da ƙwace kadara. Ina jin maganar da ka ji a rediyo ke nan.

Darasin farko a nan ƙarami ne amma ana yawan mantawa da shi. Duk dokar da ta rubuta tara da adadi tsayayye, ranar da aka sa mata hannu ta fara tsufa. Gara a ɗaure tarar da darajar kayan da aka kama, a ce ninki kaza, ko a ba da ikon sabunta ta lokaci-lokaci ba sai an koma majalisa ba.

Wanda ya biya tarar

Yanzu ga kashi na biyu na tambayar, kuma a nan zan daɗe. Bari na ba ka labarin wata shari'a da har yau take dawo min.

Malaman daji ne suka kawo wani mutum, shekarunsa ba su wuce arba'in ba. An kama shi da bindigar toka wadda aka ɗaure ƙotarta da roba, da cocila mai igiyar ɗaurawa a goshi, da buhu biyu na ƙyafaffen naman gwanki. Takalminsa na taya ne. Ya amsa laifinsa ba gardama, alƙali ya yanke masa tara ko ɗauri. Na san a raina ba shi da kwatar kuɗin. Kafin in gama tattara takarduna, sai ga wani mutum ya taso daga bencin baya, cikin wankakkiyar shadda, makullin mota a hannu. Ya nufi wajen magatakarda, ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya ƙirga, ya karɓi rasit. Ko kallon mai laifin bai yi ba. Suka fita ɗaya na gaba ɗaya na baya. Bayan 'yan watanni aka sake kawo min wani mafarauci daga wani ƙauye daban, na waiga bencin baya, shaddar ce dai ta canza launi.

Ba ni da abin da zan tuhume shi da shi. Biya wa mutum tara ba laifi ba ne. Fayil ɗin da aka miƙo min bai tambayi wa ya ba da kuɗin albarushi ba, wa zai karɓi naman, a wace tasha, ta wace lambar waya. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ne mai riƙe da sandar.

Wannan naman daji ne, ƙaramar harka. Amma ginin harkar karkanda haka yake, tsawo kawai ya fi. A ƙasa akwai mai harbi da mai ɗaukar gatari da ruwa, yawanci talakawa daga ƙauyukan gefen daji. Akwai mai tsegunta musu inda dabbar take da inda masu sintiri suka nufa, wanda wani lokaci ma'aikacin gandun ne da kansa. Sama da su akwai mai ba da bindiga da kuɗin hanya, sai mai tarawa a birni, sai mai fitarwa da ya san wanda zai gani a tasha. Kuɗin yana ƙaruwa ne in ana hawa, haɗarin kuma yana ƙaruwa in ana sauka. Ka ɗaure mai harbi shekara ashirin, kafin sati ya zagayo an sami wani, domin talauci ba ya ƙarewa a bakin daji. Mai tarawa da mai fitarwa su ne ba a samun madadinsu cikin sauƙi, kuma su ne ba kasafai suke ganin cikin kotu ba sai dai daga bencin baya.

Shi ya sa in aka ce da ni a ƙara shekaru, nakan ce to, amma a fara tambaya: cikin mutum goma da suka yi laifin, nawa ake kamawa? Cikin waɗanda aka kama, nawa shari'arsu ke kaiwa hukunci? Mai laifi ba ya karanta sashen doka. Abin da yake dubawa shi ne abokinsa da aka kama bara, yana gida ko yana kurkuku.

Har ma tsananin da ya wuce kima yana da nasa illar, na gani da idona. In doka ta ce mafi ƙarancin hukunci shekaru masu yawa ne ba tare da bambanta mai gada ɗaya da mai kwantena ba, wanda ake tuhuma ba zai amsa laifi ba, sai a shiga doguwar shari'a. Alƙali mai tausayi kuma, in ya dubi tsohon manomi ya ga hukuncin ya fi laifin, zai nemi kafar da zai sallame shi. Kuɗin cin hanci ma tashi yake yi daidai da girman abin da ake gudu. Hukunci mai nauyi na da wurinsa, amma a yi shi hawa-hawa, mafi nauyinsa ya sauka a kan na sama.

Ana yawan kawo misalin Kenya, kuma ya cancanta. Dokarsu ta 2013 ta tanadi tarar shilin miliyan 20 ko ɗaurin rai-da-rai a kan dabbobi irin su karkanda da giwa. A shekarar an kashe musu karkanda 59. A 2020 ba a kashe ko ɗaya ba. Amma ba dokar kaɗai suka yi ba. Sun horar da masu gabatar da ƙara na musamman, sun buɗe ɗakin gwajin ƙwayar halitta a Nairobi a 2015, sun tsare dabbobin a wuraren da ake ƙirga su ɗai-ɗai. Mu kan ɗauko adadin shekarun mu bar sauran aikin.

Abubuwan da zan so a gani a cikin doka

Na farko a wurina shi ne kuɗi. A ɗauki safarar namun daji a matsayin laifin da ke buɗe ƙofar binciken halasta kuɗin haram, a haɗa ta da dokokin 2022 na hana halasta kuɗin haram da na ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Duk wanda aka kama da haure ko ƙaho, a duba wayarsa da asusunsa da izinin kotu, a ga wa ya turo masa kuɗi. Da ina da wannan dama a wancan lokaci, da mai shadda ya sauya benci.

Sai kayan shaida. Shari'a da yawa ba a gaban alƙali suke mutuwa ba, a ɗakin ajiya suke mutuwa. Na taɓa zuwa kotu da shaidu uku a shirye, aka ɗauko buhun da aka kama, lambar da ke jikinsa ba ta dace da ta cikin fayil ba, kuma babu wanda ya sa hannu a ranar da aka sauya masa wuri. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma bai yi minti biyar yana magana ba. Daidai ya yi, aikinsa ke nan. Dole doka ta fayyace wa ke karɓar kaya, wa ke aunawa, wa ke ɗaukar hoto, ta kuma yarda kotu ta karɓi hoto da sakamakon gwaji a madadin naman da ya ruɓe. A Afirka ta Kudu akwai rumbun bayanan ƙwayar halittar karkanda a Jami'ar Pretoria, wanda da shi ake iya haɗa ƙahon da aka kama a filin jirgin wata ƙasa da gawar da aka tsinta a wani daji takamaimai. Irin wannan shaida ba ta mantuwa, ba a kuma yi mata barazana.

Akwai kuma maganar wa ke da ikon me. Malamin daji na jiha ne, kwastam da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli na tarayya ne, 'yan sanda na gefe, kuma laifin fasa-ƙwauri babbar kotun tarayya ce ke saurarensa. Kaya kan tashi daga wata jiha ya ratsa biyar kafin ya isa teku. In kowa ya riƙe fayil ɗinsa, mai laifin ne kaɗai ke ganin hanyar daga farko har ƙarshe. Dokar kuma ta hukunta riƙe ko safarar sassan dabba ko da dabbar ba ta ƙasar nan ba ce, don kada wani ya tsaya a kotu ya ce ai Najeriya ba ta da karkanda.

A toshe kafar lasisi ma. A Afirka ta Kudu wani ɗan Tailan, Chumlong Lemtongthai, ya riƙa kawo mata da sunan mafarauta masu izini, a harbe karkanda, a ɗauke su hoto kusa da gawar, a fitar da ƙahon da takardu masu hatimi. An yanke masa shekara 40 a 2012, ɗaukaka ƙara ta mai da ita 13. Ko shinge bai tsallaka ba, ta ofis ya bi. Don haka jami'in da ya sayar da sa hannunsa ya kamata hukuncinsa ya kai na dillali.

Iyakar abin da doka za ta iya

Ni lauya ne, aikina a kotunan jiha ya tsaya, kuma ƙahon karkanda bai taɓa shigowa cikin kayan shaidata ba. Abin da na sani da hannuna shi ne nama da fata da bindigar toka. Amma ko daga nan na fahimci cewa kotu tana zuwa ne bayan dabba ta riga ta mutu. Abin da ke hana mutuwar shi ne malamin daji da ya sami albashinsa da takalmi da abincin sintiri, wanda kuma ya san in aka harbe shi a bakin aiki ba za a bar iyalinsa a titi ba. A wasu gandayen kudancin Afirka har yanke wa karkanda ƙahon ake yi da gangan bayan an sumar da ita, don a rage kwaɗayin ɓarayi. Yana taimakawa, amma ƙahon na sake tsirowa, sai an maimaita, kuma da tsada.

Akwai masu cewa a halasta cinikin kawai, tunda ana iya yanke ƙaho ba a kashe dabbar ba. Ni ban gamsu ba. Ƙasar da ba ta iya tabbatar da lambar buhu ɗaya a ɗakin ajiya, ban ga yadda za ta bambance ƙahon halal da na sata a kan teburin kwastam ba.

Sannan akwai mutanen gefen daji. Manomin da giwaye suka shiga gonarsa dare ɗaya suka tattake dawar shekara, ya kai kuka ba a share masa hawaye ba, kada ka sa ran zai tsegunta maka baƙon da ya kwana a ƙauye da bindiga. Dokar da ta san hukunta shi amma ba ta san biyansa diyya ba ta rasa shaidarta mafi muhimmanci. Mu kuwa muna da abin ginawa a kai. Mun san hurumi, mun san Sarkin Baka da Sarkin Dawa da ikon da suke da shi a kan mafarauta, kuma babu baƙon da zai shiga daji dagaci bai ji ƙishin-ƙishin ba. In doka ta ba su matsayi, ta kuma ware wa ƙauyukan kaso daga kuɗin masu yawon buɗe ido, rabin aikin leƙen asiri ya samu.

In ka sami hali, Malam, ka kai ɗaliban nan Yankari da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma dabbobi ke gangarowa bakin kogin Gaji neman ruwa. Daga Kumo tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo in an yi sammako. Za ku ga ɓauna da gwambaza da gwaggon biri, in da rabo har giwa. Ka nemi a haɗa su da ɗaya daga cikin tsofaffin malaman daji, ka bar wannan ɗalibin naka ya tambaye shi mutum nawa ya kama a rayuwarsa, kuma nawa ne daga ciki ya sake haɗuwa da su a cikin dajin.